Ranar da Muka Je Ɗauko Baba Issaka, Dutse Ya Fashe a Sama

Mansura zuwa Mu'aither

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na asuba muka sauko daga benenmu na Mansura, ni da Mudassir, iska na girgiza allunan shaguna kamar za ta ɓalle su. Ku da ke gida, in aka ce Qatar sai ku hango gilashi da sanyin na'ura. To ga labarin wata tafiya zuwa wurin da bai kai kilomita ɗari daga gida ba, amma ta ci mana yini da kwana, kuma har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

Sunana Sanusi, mutumin Funtua ne ni. Shekarata shida ina tuƙi a wani kamfani mai ba da hayar tantuna da kujeru ga masu zuwa shan iska bakin teku lokacin sanyi. Kamfanin na da wani fili can arewa da garin Al Khor inda yake jibge kayansa, da ɗan ɗakin kwano ɗaya na mai gadi. Mai gadin lokacin shi ne Baba Issaka, dattijo ɗan Zangon Kumasi a Ghana, wanda gadonsa ke ƙarƙashin nawa a ɗakinmu. Ƙa'ida kwana bakwai mutum ke yi a can a canje shi. Baba ya kwana goma sha ɗaya. Ana gobe za mu tafi ya kira ni da la'asar, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ɗana Sanusi, maganin suga na ya ƙare tun shekaranjiya. Kuma teku ya fara zuwa gaishe ni a bakin ƙofa."

Dariya yake so in yi, ban yi ba. Mudassir kuwa ɗan Gombe ne, magidanci mai 'ya'ya uku, watansa biyu da zuwa. Shi aka ce a kai ya karɓi gadin.

Haruna mai tasi, abokin ɗakinmu, shi ya rage mana hanya zuwa garejin kamfani a Mu'aither, kilomita goma sha takwas, minti ashirin da biyar, bai karɓi ko sisi ba. Muka yi sallar asuba a ƙaramin masallacin da ke bayan garejin, muka zauna jiran Oga Nafi'u, wanda makullan motoci ke hannunsa. Ya ce ƙarfe biyar. Bakwai da minti arba'in ya iso, yana ƙanshin turare, da kofin shayi a hannu.

Jirgi ɗaya ya kawo mu ƙasar nan da Nafi'u. Na san lokacin da takalminsa ƙwaya ɗaya ne, a kwano ɗaya muka sha gari a Mansura. Yanzu an ɗora shi a kanmu, sai ka ce Oga kafin ya ɗago kai.

"Oga, babbar motar nan mai fowil, mai ja da taya huɗu, nake so. Hanyar can ta jiƙe, a-kori-kura ba za ta shiga ba."

"Manaja zai iya buƙatarta."

"Zai iya. Baba kuwa ba shi da magani yau kwana uku."

"Baba ba yaro ba ne." Ya miƙo mini makullin a-kori-kurar. "Akwai kwali goma sha huɗu na mayafin tebur a bayanta, ka fara sauke wa gidan abincin nan na kasuwar Souq Waqif. Ka ajiye Mudassir, ka ɗauko Baba. Kada a bar wurin ba kowa ko na minti ɗaya. Yalla, ku tafi."

Na karɓi makullin. Abin da ya zo bakina na haɗiye shi, don in na faɗa babu wanda zai je wa Baba.

Souq Waqif

Komawa cikin Doha kenan, baya maimakon gaba. Tara da minti biyar muka isa. Ruwa bai sauko ba tukuna, amma sama ta yi baƙi ta gabas, kuma saƙon gargaɗi ya shigo wayoyinmu cewa a nisanci bakin teku. Na tura wa Oga hoton saƙon. Ya buɗe, bai amsa ba.

Mai karɓar kaya a gidan abincin bai zo ba sai goma saura kwata. Tsofaffin 'yan dakon kasuwar sun jera baronsu a ƙarƙashin rumfa sun takure, kowa ya naɗe kai da rawani. Muka sha shayin karak, mai madara da kanumfari, riyal ɗaya-ɗaya, da waina ta fulawa mai ƙwai riyal uku. A wani kantin magani na nuna hoton kwalin da Baba ya turo, aka ba ni a riyal talatin da takwas. Mudassir bai iya gama wainarsa ba.

"Yaya Sanusi, wurin nan da nisa daga mutane?"

"Da nisa."

"Akwai sabis?"

"In ka hau kan janareta."

Goma da rabi muka bar kasuwa, awa shida da fitowarmu daga gida, kuma kilomita biyu ne kacal tsakaninmu da ɗakin da muka kwana.

Babbar hanyar arewa

Daga Doha zuwa Al Khor kilomita hamsin ne, a ranar lafiya minti arba'in. Mun yi awa biyu. Muna fita gari ruwa ya tsuge, iska na tura motar gefe har sai na riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai kokawa. Ƙasar nan ba ta san shanye ruwa ba, duk inda ya sauka nan yake kwanciya. A ƙarƙashin wata gada muka ga motoci uku sun nutse har gilashi, masu su na tsaye a kan shinge.

Kafin Al Khor 'yan sanda sun datse hanyar da ke bi ta gaɓa. Wani matashi daga cikinsu, sanye da rigar ruwa, ya ƙwanƙwasa gilashina, ya tambaye ni da Larabci ina zuwa. Na ce bakin teku.

"Bakin teku? Yau?"

Da guntun Larabcina na ce akwai dattijo mai ciwon suga a can shi kaɗai. Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce wa ya turo ni da wannan. Na ce kamfani. Ya girgiza kai, ya nuna mini hanyar da ke zagayawa ta cikin tudu, ya ce in na ga ruwa ya rufe hanya kada in yi taurin kai, in kira lambar gaggawa. Baƙo ne, bai san Baba ba, amma ya fi Oga tambaya a kansa.

A Al Khor muka sha mai, muka haɗa azahar da la'asar, muka sayi shinkafa da kaza ƙulli uku, riyal goma sha biyu kowanne. Na kira Baba, ba ta shiga. Na kira Oga, tana shiga ba a ɗauka.

Inda kwalta ta ƙare

Kilomita ashirin da shida bayan Al Khor ake sauka daga kwalta. Daga nan saura goma sha ɗaya a kan wata fadama mai gishiri, wadda in ta bushe ta fi siminti tauri, in ta jiƙe kuwa sai ta koma kamar kunu. Mun yi kilomita huɗu. Biyu saura minti goma tayoyin baya suka nutse har ƙarfe.

Muka fita cikin ruwa. Muka tona da hannu, muka cusa tabarmin mota, muka cusa duwatsu. Mudassir na turi ina ba ta wuta, taɓo na wanke masa fuska. A banza. Ina tono ina zagin Nafi'u a fili, da sunansa ba Oga, ina lissafa masa duk abin da na sani tun daga ranar da muka sauka a filin jirgi. Mudassir ya ce in yi haƙuri. Na ce haƙurin ne ya kawo mu nan.

Uku da minti arba'in muka hango fitila. Wani makiyayin raƙuma ne ɗan Sudan, sunansa Usman, cikin wata tsohuwar mota mai fowil, ya fito neman raƙumarsa da hadari ya kora. Bai yi dogon zance ba. Ya ɗaura igiya ya ja mu zuwa wani ɗan tudu, ya ce mu bar motarmu a nan.

"Dattijon nan mai gadin kujeru? Na san shi, yana ba ni shayi. Ba a ɗauke shi ba har yanzu?"

Ya bar neman raƙumarsa, ya ce mu hau.

Bakin teku

Huɗu da minti talatin da biyar Usman ya tsaya, kamar taku ɗari uku daga ɗakin gadi, ya ce in ya ƙara gaba mu duka za mu kwana a nan. Zai jira a mota. Muka ƙarasa da ƙafa.

Ban taɓa ganin tekun nan haka ba. Wanda na sani kwance yake kamar tafki, yau ya miƙe tsaye, launin toka, yana rugowa yana dukan tarin kujerun roba da aka ɗaure da igiya. Ruwa ya kai mana ƙauri a cikin filin. Rabin rufin ɗakin ya tafi.

Baba na zaune a kan tebur ya naɗe ƙafafu, sanye da rigar aiki har da hula, littafin gadi cikin leda a cinyarsa. Leɓɓansa sun bushe. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura, ya ɗaure ta da tsumma inda kwanon rufi ya yanke shi.

"Kun zo, ɗana. Sannunku da hanya."

Na ba shi magani da ruwa, na buɗe masa shinkafa. Na ce ya ci mu tafi, mu duka uku.

"Mu duka? Wa zai zauna?"

"Ba kowa."

"A'a. Oga ya ce duk wanda ya bar wurin nan zai rubuta ya gudu daga aiki. Ni saura kaɗan in rufe ɗakuna biyun da nake ginawa a Kumasi. In aka mayar da ni yanzu, in ce wa iyali me? Kuma yaron nan sabo ne, ba zan bar shi cikin wannan ba. Ku koma, gobe ruwa zai janye."

Na waiwaya, sai na ga Mudassir ya riga ya ɗora jakarsa a kan teburin.

"Yaya Sanusi, ka tafi da Baba. Ni zan zauna. Wata biyu kawai na yi, in aka kore ni ban san inda zan sa kaina ba."

Nan na rasa wanda zan fara yi wa faɗa. Mutum biyu, magidanta, masu salla, kowa na roƙon a bar shi ya nutse saboda kujerar roba. Na fita na hau kan janareta na kira Oga. Sau tara na kira. Na sauko na tsaya a bakin ƙofa ina ɗaga musu murya, har da Baba wanda a haife ya haife ni, abin da ban taɓa yi ba. Shi kuwa yana cin shinkafarsa a hankali kamar ba da shi nake ba.

Ƙarfe biyar da minti goma sha biyu ne, don na duba waya a lokacin. Rana ta faɗi, ruwan ya ɗan tsagaita, gajimare ya yage ta arewa can saman teku. Ina cikin magana sai na ga inuwata ta faɗo cikin ɗakin, doguwa, har kan bango. Na juya.

Wata wuta ce ta keto daga arewa, kanta fari fat, gefenta kore kamar harshen wutar walda, tana jan jela. Ba walƙiya ba ce, walƙiya ba ta tafiya a hankali haka. Tana shiga gajimare sai gajimaren ya kama haske daga ciki, ta fito ta ɗaya gefen ta ƙara girma. Sannan ta fashe. Ba ƙara, sai haske kawai, wanda ya mayar da magariba tsakar rana. Na ga kowace igiyar ruwa, na ga motar Usman, na ga furfurar Baba ɗaya-ɗaya a bayana, don ya sauko daga tebur ya dafa kafaɗata. Abin ya rabu gida huɗu ko biyar, jajaye, kowanne ya bi hanyarsa ya mutu kafin ya taɓa ruwa. Duhu ya dawo, ya fi na da.

Mudassir ya durƙusa cikin ruwa yana salati. "Makami ne, Yaya. Yaƙi aka fara."

"Ba makami ba ne," in ji Baba. "Muna yara in tauraro ya yanke, sai a ce an jefi shaiɗan. Amma wannan kam babban shaiɗan aka jefa."

Na fara Ayatul Kursiyyu, na kai ƙarshe, na sake, na sake. Ina cikin ta huɗu ƙarar ta iso. Ba ta yi kama da tsawa ba, daga ƙirji na ji ta kafin kunne, sau biyu a jere, sannan wani gurnani ya bi baya. Ragowar rufin ya yi rawa, gilashin tagar ya tsage daga sama har ƙasa.

Ba mu gama dawowa hayyacinmu ba wayata ta yi ƙara, sabis ɗin da sai an hau janareta sai ga shi a bakin ƙofa. Oga Nafi'u. Saboda rugugin teku na sa ta a lasifika.

"Sanusi, kun isa? An ce ta wajenku abin nan ya fito, har nan mun ga haskensa. Ka ɗauki bidiyo? Manaja na so ya tura wa 'yan uwansa."

"Ban ɗauka ba."

"Haba, kana wurin? To janareta fa, ruwa bai shiga ba dai ko? Ka ce wa Mudassir ya lulluɓe shi da tamfol."

Na jira in ji ko zai tambayi Baba. Na ba shi lokaci, Allah ne shaida. Bai ƙara komai ba sai "Kana ji na?"

Baba na tsaye kusa da ni da ƙafa ɗaya, ya ji duka. Ya dubi wayar kamar mai jiran a kira sunansa a layi. Sannan ya cire hular aikin ya ajiye a kan tebur, ya ɗora littafin gadin a kanta.

"Ɗana Mudassir, ɗauko mini jakata. Ka ɗauki taka ma."

Na ɗaga wayar na ce, "Nafi'u, na ɗauko Baba, kuma ba zan bar Mudassir ba. Ka rubuta abin da za ka rubuta." Na kashe.

Mudassir ne ya goyi Baba har mota, ni ina riƙe da jakunkuna, ruwa a gwiwa. Muka tarar da Usman a tsaye a waje yana kallon inda wutar ta mutu, yana ta tasbihi.

Garken raƙuma

Kilomita bakwai zuwa masaukin Usman, ɗaki ɗaya na bulo a kan tudu. Ya wanke wa Baba ƙafa da ruwan ɗumi da gishiri, ya ba mu nonon raƙumi da dabino da wani tuwon fulawa irin nasu, ya bar mana katifarsa ya kwanta a kan buhuna. Da safe na miƙa masa riyal ɗari, ya mayar mini da hannuna aljihu. Raƙumar tasa ta dawo da kanta kafin gari ya waye.

A nan muka gani a waya cewa masana sun ce dutse ne daga sararin samaniya, ya shigo da gudu ya kama wuta ya tarwatse tun yana can sama. Kowa na ta tura bidiyonsa. Mu da muka fi kowa kusa ba mu da ko hoto.

Komawa

Shida da rabi muka tashi, sama ta washe kamar ba ita ba. Usman ya bi da mu ta wani tudu da ake hango filin. Ɗakin gadin na kwance a gefensa, ƙofar na kallon sama. Teburin da Baba ya zauna ban gan shi ba. Kujerun kuwa igiyarsu ta tsinke, sun bazu a gaɓa farare har inda ido ya ƙare, yawancinsu ko karyewa ba su yi ba. Mudassir ya daɗe yana kallon ɗakin. Sannan ya ciro waya ya ɗauke shi bidiyo.

Usman ya ja a-kori-kurar har kwalta. Tara saura minti goma muka shiga asibiti da Baba. Ma'aikaciyar jinyar da ta kwance tsumman ta dube ni ta tambaya me ya sa muka bari ya kai haka. Suka riƙe shi kwana huɗu. Ƙafar ta tsira.

Sha biyu da kwata muka mayar da mota Mu'aither. Nafi'u ya riga ya buga takarda da Turanci, wai direba ya ƙi bin umarni, ya sa an bar wurin aiki ba mai gadi. Hukunci: gargaɗi na ƙarshe, da sati biyu ba tuƙi, sai lodin kaya. Na ce sunan Baba da na Mudassir fa? Ya ce ya taimaka ya cire su, wai don zumunci.

Mudassir, wanda tun zuwansa ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, ya matso ya ce, "Oga, ɗakin da ka ce in kwana a ciki yana kwance a gefensa. In kana son bidiyo, wannan na ɗauka." Ya ajiye wayar a gabansa. Nafi'u bai taɓa ta ba.

Na karɓi biro na sa hannu. A ƙasan sa hannun na rubuta da Hausa, da manyan baƙaƙe: Na ɗauko mutum biyu daga cikin ruwa. Manaja ba ya jin Hausa. Nafi'u yana ji, kuma shi zai kai takardar da hannunsa.

Mansura

Bas zuwa tashar jirgin ƙasa, jirgi riyal biyu, Mansura ce tashar ƙarshe. Uku da kwata na rana muka hau benenmu, taɓo ya bushe a jikinmu har gashin ido. Haruna ya dafa wake da shinkafa ya rufe mana, ya ce tun jiya yake kiran asibitoci.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya fitar da mu ta hannun wanda ba mu sani ba. Na gode wa Usman da katifarsa, da ɗan sandan da ya nuna hanya, da Haruna, da Mudassir da bayansa da ya goyi Baba. Ku da ke gida, in ɗanku ya kira ya ce lafiya lau, ku ƙara tambayarsa sau ɗaya.

Washegari na je duba Baba. Ya kama hannuna ya ce in yafe wa Nafi'u, shi ma tsoro ne ke cinsa, akwai wanda ke samansa. Na ce to, Baba, na yafe. Ƙarya na yi wa dattijo a gadon asibiti. Allah Ya yafe mini wannan. Yafiyar da ya roƙa kuwa sai an ba ni lokaci.